Dokin Sukuwa da Dokin Garma: Rayuwar Felix Wankel

Da editocin wannan mujalla ta tunawa suka ce kowa ya zaɓi wani mutum da ya shuɗe wanda rayuwarsa ta taɓa karatunsa, na san yawancinmu malamai da shugabanni za su ɗauko. Ni kuwa wani Bajamushe na ɗauko, wanda bai gama sakandare ba, bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba, amma sunansa ne a kan injin motar da ta cinye min kuɗin tikitin zuwa gida Sallah. Waɗanda muke zaune gari ɗaya a nan Ingila sun san motar, jar Mazda RX-8 ɗin nan da kuka sha turawa a ƙofar masallaci. To yau ga tarihin wanda ya ja mana.

Yadda abin ya faro

Na sayi motar da araha, har ina yi wa kaina kirari. Ashe araha ba ta ado. Wata biyar ina jin daɗinta, sai ta fara wani hali: da safe tana sanyi za ta tashi lafiya, amma in ta yi zafi na kashe a gidan mai, sai ta ƙi tashi sai ta huce. Wani dattijon makaniki da ya ƙware a irin wannan inji ya auna ƙarfin matsinta, ya ce injin ya gaji, sai an sauke an buɗe. Sannan ya yi min tambaya biyu da suka hana ni barci. Tunda za a buɗe, ina so a faɗaɗa ƙofofin shigar iska ko a bar su yadda suke? Kuma ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke raba wa inji mai da wuta, za a bar ta kamfani ko a sa wata?

Ni ɗalibin injiniya ne, amma na rasa amsa. Garin neman amsar ne na faɗa cikin tarihin Felix Wankel.

Yaron da lissafi ya ƙi

An haife shi ranar 13 ga Agusta 1902 a garin Lahr, yankin Baden da ke kudu maso yammacin Jamus. Shi kaɗai iyayensa suka haifa. Mahaifinsa, Rudolf, jami'in gandun daji ne, kuma an kashe shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, lokacin yaron yana shekara 12. Daga nan suka koma Heidelberg da mahaifiyarsa. A 1921 ya bar makaranta ba tare da takardar shiga jami'a ba, lissafi kuwa shi da shi ba sa ga maciji har ƙarshen rayuwarsa. Ya kama aiki a kamfanin buga littattafan ilimi na Carl Winter, inda ya zauna har 1926.

Abin da Allah Ya ba shi shi ne ido na zuci. Yana iya hango yadda ƙarfe zai juya a cikin ƙarfe tun kafin a zana. A 1924 shi da abokansa suka buɗe ɗan gareji a bayan wani gida a Heidelberg, suna kwance injuna suna ɗaurawa. Abin da ke damunsa da injin mota shi ne fistin: ya hau, ya tsaya cak, ya sauko, ya sake tsayawa, sannan karanshaf ya mayar da wannan kai-komo ya zama juyi. Shi a ganinsa wannan wahala ce da girgiza. In juyi ake nema, me zai hana a yi injin da tun asali juyawa yake? Ya sami takardar mallakar fasaha ta farko a 1929. Amma tsakanin wannan takarda da injin da ya tashi, sai da aka yi shekara 28.

Tabon da ba zan ɓoye ba

Da na zo wannan wuri a tarihinsa, sai da na rufe kwamfuta na fita shan iska. Wankel ɗan Nazi ne, kuma ba irin waɗanda suka shiga daga baya don neman abinci ba. Ya shiga jam'iyyar tun farkon shekarun 1920, lokacin ba ta da mulki kuma babu wanda ya tilasta shi. A 1931 an ba shi shugabancin matasan Hitler na yankin Baden. Ya yi rigima da shugaban jam'iyyar na yankin, Robert Wagner, aka kore shi a 1932, aka kulle shi wata shida a 1933. Amma kada wani ya ɗauka tuba ya yi. Rigimar cikin gida ce, kuma wani na kusa da Hitler, Wilhelm Keppler, shi ya sa baki aka sake shi. A 1940 an ba shi babban muƙami a rundunar SS, aka cire shi bayan shekara biyu.

Wannan gwamnati ita ta kashe Yahudawa miliyan 6. Ita ce kuma a 1937 ta kama ɗaruruwan yara a yankin Rhine, 'ya'yan da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus, ta yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. Da ni da kai, mai karatu, mun san inda za a ajiye mu a wannan tsari. Saboda haka ba gwarzo na zo gabatar muku ba. Mutum ne mai baiwa da ya jingina baiwarsa da azzalumai, kuma ya ci moriyar hakan.

Moriyar ita ce a 1936 ya koma Lindau, a bakin tafkin Constance, inda gwamnati ta ɗauki nauyin ɗakin bincikensa. A shekarar ce kuma ya auri Emma Kirn. A can ya yi wa injunan jiragen yaƙi aikin bawul mai juyawa, yana hulɗa da BMW da Daimler-Benz. A nan ya zama gwani a fannin da mutane ke rainawa, wato toshiya: yadda za a hana iska mai zafi da matsi sulalewa ta tsakanin ƙarafa biyu da ke gogar juna. Da aka ci Jamus a 1945, Faransawa suka tsare shi na wasu watanni, suka kwashe kayan aikinsa, suka hana shi bincike na wani lokaci.

Injin da ya tashi a 1957

A 1951 ya ƙulla aiki da NSU, kamfanin babura da ke Neckarsulm. Kafin inji, sun fara gwada fasaharsa a matsayin famfon cusa iska. A 1956, a filin gishiri na Bonneville a Amurka, wani ɗan babur na NSU mai inji cc 50 kacal ya yi gudun kilomita 196 a awa da wannan famfo. Sai ranar 1 ga Fabrairu 1957 injin Wankel na farko ya tashi.

Ga yadda irin wanda ke cikin motata yake aiki. Ka ɗauki ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu, wanda tsakiyarsa ta ɗan tsuke. Haka cikin gidan injin yake. A ciki akwai ƙarfe mai siffar alwatika, gefunansa uku sun ɗan kumbura, shi ake kira rota. Yana juyawa yana tangaɗi, kusurwoyinsa uku kullum suna manne da bango. Saboda haka akwai ɗakuna uku da ke zagayawa, suna buɗewa suna tsukewa. A lokaci guda wani ɗaki yana shaƙar iska da fetur, wani yana matsawa ko yana ƙonewa, wani yana fitar da hayaƙi. Kafin rota ya yi zagaye ɗaya, sandar tsakiya ta yi uku. Babu fistin, babu bawul, babu kamshaf. Shi ya sa injin yake ƙarami, ba nauyi, ba girgiza. Na motata rota biyu ne, cc 1,308 gaba ɗaya, amma yana ba da ƙarfin doki 231, yana juyawa har 9,000 a minti.

Sai dai wannan ba shi ne ainihin injin da Wankel ya zana ba. A nasa, rota yana juyawa, gidan ma yana juyawa, kowanne a kan tsakiyarsa. Santsinsa ya fi, gudunsa ya fi, amma in za ka canza fulogi sai ka kwance injin. Wani injiniyan NSU, Hanns Dieter Paschke, da goyon bayan shugaban sashen bincike Walter Froede, shi ya tsayar da gidan wuri ɗaya ya bar rota kaɗai yana yawo. Nasa ya tashi a 1958. Wankel ya ji haushi ƙwarai, yana ganin an mayar masa da dokin sukuwa dokin jan garma. Amma duk motar da aka taɓa sayarwa da sunan injin Wankel, dokin garmar ne a cikinta. Suna na Wankel, siffa ta Paschke.

Daga NSU zuwa Hiroshima

Duniya ta yi caa. Curtiss-Wright na Amurka ya sayi lasin ƙerawa a 1958, Toyo Kogyo na Hiroshima, wato Mazda, ya saya a 1961. Daimler-Benz, Citroën, Suzuki da General Motors duk sun shiga layi. NSU ta fitar da ƙaramar Spider a 1964, sannan Ro 80 a 1967, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1968.

Ro 80 kyakkyawar mota ce, amma an yi gaggawar kai ta kasuwa. 'Yan ƙarafan toshiya da ke bakin kusurwoyin rota, waɗanda su ne makwafin ringi a injin fistin, suna cinyewa da wuri, musamman a hannun masu gajerun tafiye-tafiye cikin gari. Injuna da yawa ba su kai kilomita 50,000 ba. Kamfanin ya yi ta canza wa mutane inji kyauta har ya durƙushe. A 1969 Volkswagen ta haɗe shi da Auto Union, haɗin da ya zama Audi ta yau. Sun gyara matsalar daga baya, amma suna ya riga ya ɓaci. Aka daina Ro 80 a 1977, an ƙera kusan 37,000.

A Japan kuwa, Kenichi Yamamoto ya jagoranci injiniyoyi 47 daga 1963. Su ma sun tarar toshiyar kusurwa tana karce bangon inji, har suka riƙa kiran zanen da sunan farcen shaiɗan. Suka yi ta gwada abubuwa iri-iri har suka dace da haɗin gawayin kabon da alminiyam. Suka fitar da Cosmo Sport a 1967.

A nan ne na tsinci amsar tambayata ta farko. Tunda injin ba shi da bawul, ramukan da aka huda a jikinsa su ne ke yanke lokacin da iska za ta shiga da lokacin da hayaƙi zai fita. Rota ne ke buɗe su ya rufe yayin wucewa. NSU ta huda ƙofar shigar iska a bangon da kusurwoyi ke gogawa. Wannan yana ba da numfashi sosai in inji ya ɗau gudu, amma akwai lokaci mai tsawo da ƙofar shiga da ta fita suke buɗe tare, sai hayaƙi ya gauraya da sabuwar iska, inji ya riƙa tari a silo. Mazda ta mayar da ƙofar shiga a faifan gefe. An rage ƙarfi a sama, an sami natsuwa a ƙasa, inda direban gari yake rayuwa. A RX-8 ta 2003 har ƙofar hayaƙin suka mayar gefe, yadda biyun ba sa haɗuwa a buɗe ko kaɗan. Wato duk tarihin wannan inji, tun daga Paschke, tafiya ce daga sukuwa zuwa garma.

Abin da na zaɓa

Masu gyaran wannan inji yanka uku suka fi yi. Na farko yankan titi: a ɗan faɗaɗa ƙofar gefe, a goge ta ta yi santsi. Mota za ta ƙara numfashi a sama, silo bai lalace ba. Na biyu yankan gada: a huda wata siririyar ƙofa kusa da ta asali, a bar ɗan tsirin ƙarfe a tsakani, shi ne gadar da toshiya za ta bi ta wuce kada ta faɗa rami. Na uku a toshe ƙofofin gefe gaba ɗaya a huda bango, irin na NSU amma babba. Irin wannan ne a jikin Mazda 787B mai rota huɗu da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1991, motar Japan ta farko da ta yi haka.

Ba zan yi muku ƙarya ba, yankan gada na so. Wanda ya taɓa jin ƙarar irin wannan inji yana tsaye yana buga silo kamar ana kiɗan ganga ya san abin da nake nufi. Na kwana uku ina kallon bidiyonsa. Amma dattijon nan ya zaunar da ni ya tambaye ni inda nake zuwa da motar. Na lissafa masa: makaranta, wurin aikin dare, masallacin Juma'a, kantin nama, sai ɗauko sababbin ɗalibai daga tashar jirgin ƙasa. Ya ce duk cikin waɗannan babu inda zan wuce juyi 4,000, yankan gada kuwa sai sama da 6,000 yake fara biyan kuɗinsa. Abin da zan samu a ƙasa shi ne shan mai, warin fetur, mutuwa a danja, da maƙwabta masu kai ƙara in na dawo ƙarfe huɗu na asuba. Ga gwajin MOT na shekara-shekara da ake auna hayaƙi, ga kamfanin inshora da dole in gaya masa duk canjin da na yi. Ya ƙara da cewa injin RX-8 ma ba shi da wurin yanka sosai, domin hanyar ruwan sanyaya inji tana dab da ƙofofin, in aka zarce an kashe faifan.

Batun ƙwaƙwalwa ma haka. Ɗakin ƙonewar wannan inji dogo ne siriri, kuma tafiya yake yi, shi ya sa kowane rota yake da fulogi biyu, ɗaya ya kunna, ɗaya ya biyo baya. Wannan siffa ce ta sa yake shan mai tun asali. Kuma ba ya yafiya: in fetur ya yi ƙaranci lokacin da aka taka totur, ko wuta ta zo da wuri, fashewa ɗaya mara tsari ta isa ta karya toshiyar kusurwa. Da gangan kuma yake ƙona ɗan baƙin mai don shafa wa toshiyar, kamar ƙaramin janaretan gida da ake haɗa wa fetur da mai. A RX-8 kwamfutar kamfani ce ke auna wannan mai, ita ke riƙe da totur, tana kuma magana da allon gaban direba, da birki, da sitiyari, da makullin hana sata. In ka cire ta ka sa mai zaman kanta, ka sami ikon komai, amma ka ɗauki nauyin komai: tashin sanyi, tashin zafi, silo in an kunna hita, duk sai an zauna an saita. Wannan na mai yankan gada ne ko mai turbo, wanda kuma yake da wata motar zuwa aiki.

Na zaɓi ɗan yankan titi mara zurfi, sababbin toshiya, sababbin kwayil da fulogi, aka bar kwamfutar kamfani aka ɗan gyara lissafinta a kan na'urar gwaji. Ko hakan ma sai da kuɗin tikitina ya tafi. Na kira Hajiyarmu na gaya mata ba zan zo Sallah ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko motar tana kai ni aiki yanzu. Na ce tana kaiwa. Ta ce to Allah Ya sa albarka. Shirun da ta yi kafin ta faɗi haka ya fi min faɗa ciwo.

Ƙarshensa

Wankel ya yi arziki da lasin da kamfanoni suka yi ta saya. A 1969 Jami'ar Fasaha ta Munich ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai gama sakandare ba. A 1971 shi da abokin kasuwancinsa Ernst Hutzenlaub suka sayar da kamfaninsu kan Mark miliyan 100 ga Lonrho na Birtaniya, kamfanin da ya sayi John Holt da iyayenmu suka sani a kantunan Arewa. Sun sayar a kan gaɓa, domin a 1973 rikicin man fetur ya zo, farashi ya tashi, dokokin hayaƙi suka tsananta, manyan kamfanoni suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mazda ce ta nace, ta fitar da RX-7 a 1978, ta riƙe RX-8 har 2012, sannan a 2023 ta dawo da injin a MX-30, yana aikin janareta yana cajin batir.

Shi kuwa ya ci gaba da bincike a Lindau, har da jiragen ruwa masu gudu. Idonsa ba ya gani nesa, shi ya sa bai taɓa yin lasin ba, direba ke jan sa. Yana matuƙar son dabbobi, har a 1972 ya kafa kyautar bincike kan kare su, wadda ake bayarwa har yau. Wannan ma abin tunani ne: mutumin da ke tausayin dabba ya yi shekaru yana hidima wa masu kashe mutane. Matarsa ta mutu a 1975, ba su haihu ba. Shi ya mutu ranar 9 ga Oktoba 1988 a Heidelberg yana da shekara 86, aka binne shi a maƙabartar Bergfriedhof. Bai ga nasarar Le Mans ba, saura shekara uku.

'Yan'uwa ɗalibai, abu biyu na ɗauka daga wannan rayuwa. Na farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba don Paschke da ya ɓata wa Wankel rai ba, da Yamamoto da mutanensa 47 da suka yi shekaru a kan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa biyu ba, da injin yana gidan tarihi kawai. Yawancinmu da za mu koma gida da digiri, irin aikinsu ne ke jiranmu: a ɗauki abu mai kyau a takarda a sa shi ya jure ƙura, da zafi, da gurɓataccen mai, da mai shi da ba ya zuwa sabis. Na biyu, baiwa ba ta wanke mutum. Wanda ya ba ka ɗakin bincike da kuɗi, ka tambayi abin da zai yi da aikinka tun kafin ka sa hannu.

Motar dai tana nan, shekara guda ke nan ba ta ƙi tashi a gidan mai ba. Duk wanda zai sauka a tasha cikin sababbin ɗalibai, a gaya min in je in ɗauko shi. Sai dai jaka biyu kawai but ɗin ke ɗauka, kuma kuɗin mai a kanku yake.